Yadda masu farfaɗo da tsohon jirgin Piper Cub ke rage masa nauyi

A kowace shekara cikin watan Yuni, ƙananan jiragen sama masu launin ruwan ɗorawa kan hallara a filin jirgin garin Lock Haven da ke jihar Pennsylvania a Amurka, garin da aka ƙera su tun asali. Da yawa daga cikinsu samfurin Piper J-3 Cub ne, kuma babu ko ɗaya da bai haura shekara 75 ba, domin daga 1938 zuwa 1947 kamfanin Piper ya ƙera wannan samfuri. Kusan guda 20,000 aka fitar, ciki har da waɗanda sojojin Amurka suka yi aiki da su a Yaƙin Duniya na Biyu da sunan L-4, suna leƙo sansanin abokan gaba, suna nuna wa masu harba igwa inda za su saita. Har yau dubbai na cikin rajista.

Abin da ya sa suka yi wannan tsawon rai shi ne yadda aka gina su. Gangar jikin jirgin bututun ƙarfe ne da aka haɗa da walda, fikafikansa kuma azara ce ta katako ko ta alminiyum da aka jera wa haƙarƙari, sa'annan aka lulluɓe komai da yadi aka shafe da fenti. Idan yadin ya tsufa sai a yaye shi, a gyara abin da ya lalace a ciki, a sake lulluɓewa. Jirgi ɗaya zai iya shan irin wannan aiki sau uku ko huɗu a rayuwarsa. Matsalar da masu wannan sana'a ke fama da ita kuwa ita ce, jirgin kan fito daga kowane gyara ya fi yadda ya shiga nauyi.

Alƙaluman ne za su nuna girman lamarin. Samfurin J-3 mai inji Continental A-65, wanda ya fi yawa, doka ba ta yarda ya tashi da nauyin da ya wuce laba 1,220 ba, wato kilo 553, idan an haɗa jirgin da man da mutanen da kayansu. Nauyin da aka saba ambatawa na sabon jirgi wayam, yadda ya fito daga masana'anta, kimanin kilo 308 ne. Ke nan saura kilo 245. Tankinsa na cin lita 45 na mai, wanda nauyinsa ya kai kilo 33, don haka mutum biyu da ɗan kayansu suna da kilo 212. Amma ba abin mamaki ba ne a yau a ɗora Cub a kan sikeli a ga ya kai kilo 347 ko fiye. Idan aka cika wa irin wannan tanki, abin da ya rage wa mutane kilo 173 ne kacal. Magidanta biyu masu ɗan jiki sun cinye shi ke nan, ko jakar hannu ba a saka ba.

Kilo 40 ba komai ba ne a motar haya. A jirgin da ƙarfin injinsa doki 65 ne kawai, wanda bai kai na yawancin ƙananan motocin da ke kan titi ba, babban al'amari ne. Tarihin jirgin ma da wannan darasi ya fara. A 1930, lokacin da C. Gilbert Taylor ya ƙera kakan wannan samfuri, wato E-2, an ɗaura masa wani inji mai ƙarfin doki 20 da ake kira Tiger Kitten. Da aka zo gwaji, jirgin ya ɗan ɗaga daga ƙasa, ya sake dira, ya kasa hawa sama. Sai da aka samo inji mafi ƙarfi kafin ya zama abin sayarwa. William T. Piper, ɗan kasuwar man fetur da ya zuba jari a kamfanin kuma ya mallake shi daga baya, ya gina kasuwarsa ne a kan jirgi mai arha, mai sauƙi, wanda ba a ɗora masa komai sai abin da ya zama dole. Ko ma'aunin mai na J-3 ba agogo ba ne: toshiya ce mai yawo a kan mai, an soka mata waya da ta leƙo ta murfin tanki a gaban matuƙi. Idan wayar ta nutse, mai ya kusa ƙarewa.

Ƙarin nauyi yana cin jirgi ta fuska uku. Yana tsawaita gudun da zai yi a ƙasa kafin ya tashi, kuma ƙa'idar da ake koya wa matuƙa ita ce ƙarin kashi 10 cikin 100 na nauyi kan ƙara kusan kashi 20 cikin 100 na tsawon filin da ake bukata. Yana rage saurin hawa, alhali J-3 a cike da ƙyar yake hawa mita 137 a minti ɗaya ko da iska na da kyau. Yana kuma ɗaga mafi ƙarancin gudun da fiffike ke bukata don ya riƙe jirgi a sama, wanda a Cub yake wajen kilomita 61 a awa. Duk wannan lissafi na ranar sanyi ne a ƙasa mai daidai da teku. Iska mai zafi ko ta kan tudu ba ta da kauri, inji ba ya samun abin da zai shaƙa sosai, fiffike ma haka. Jirgin da ya tashi lafiya da asuba zai iya kasa tsallake itatuwan ƙarshen fili da azahar, kuma wanda ya san zafin watan Afrilu a Sakkwato ko tsayin tudun Jos zai gane irin yanayin da ake nufi.

Saboda haka ƙwararrun masu gyara ba sa fara aiki da sayen sababbin kaya. Da sikeli suke farawa. Kowane jirgi yana da takardar nauyi da ke bin sa, amma sau da yawa an shafe shekaru ana gyara ta da alƙalami kawai: an saka rediyo, a ƙara adadi, an cire, a rage. Wani bakanike ya manta bai rubuta ba, wani ya yi kuskuren lissafi, na bayansa ya ɗora a kan kuskuren. Fenti da faci da datti kuwa ba mai rubuta su. Awon gaskiya ana yin sa ne a cikin rumfa a rufe, don ko iska kaɗan ta bugi fiffike za ta canja abin da sikeli ya nuna. Ana zuƙe mai, a ɗora kowace taya a kan sikelinta, a ɗaga wutsiya har jirgin ya miƙe daidai kamar yana tafiya a sama, a kuma cire nauyin katakon da aka tare tayoyi da shi. Masu jirage da dama a nan suke fara jin labarin da ba su so ba.

Da zarar an yaye tsohon yadi, kashi na farko na nauyin yakan fita ba tare da an kashe ko sisi ba. Akan tarar da wayoyin lantarki da ba sa zuwa ko'ina, da maƙalan na'urorin da aka cire tun shekaru aru-aru, da eriya biyu ko uku, da katakon daɓe da ya sha baƙin mai ya yi nauyi, da darduma da soson kujera da wani mai jirgin ya ƙara don jin daɗi. A can cikin wutsiya da fikafikai kuma akwai busasshen taɓo, da sheƙar ɓeraye, da gidan zanzaro. Masu lura sukan ajiye kwali a gefe, duk abin da aka cire kuma ba za a mayar ba a jefa a ciki, a auna shi a ƙarshe. Haka kuma sukan auna kowane sashe kafin gyara da bayan gyara, su rubuta, domin giram ɗari a nan, giram ɗari biyu a can, su ne ke taruwa su zama kilo goma.

Inda aka fi samun riba, kuma inda aka fi yin ɓarna, shi ne yadi da fenti. A zamanin da, da yadin auduga ake rufe jirgin, a shafa masa wani ruwa mai kama da fenti da ake kira dof, wanda ke sa yadin ya ɗame kamar fatar ganga. Auduga na ruɓewa, don haka bayan 'yan shekaru sai an sake. Yanzu yadin foliyesta ake amfani da shi, irin su Ceconite da Poly-Fiber, wanda ake ɗamewa da dutsen guga mai ma'aunin zafi, kuma yana iya shekaru da dama idan ana ajiye jirgin a inuwa. Wannan ci gaba ne, amma ya zo da nasa sharrin: tunda yadin ba ya saurin mutuwa, idan fenti ya dusashe sai a ƙara wani a kai, a sake ƙarawa, har jirgin ya zama yana ɗauke da riguna uku.

Faɗin fikafikan J-3 murabba'in mita 16.6 ne, kuma sama da ƙasa ake rufewa. Idan aka haɗa da gangar jiki da wutsiya, wurin da ake fentawa ya kai murabba'in mita 50 ko kusa da haka. A misali, idan kowace shafa ta bar giram 50 a kan kowane murabba'in mita bayan ta bushe, shafa ɗaya kilo biyu da rabi ce. Mai son jirginsa ya riƙa ƙyalli kamar sabuwar mota, har saƙar yadin ta ɓace gaba ɗaya, sai ya yi ta shafawa yana gogewa yana ƙarawa. Irin wannan jirgi yana ɗaukar ido a taron Oshkosh na jihar Wisconsin, inda ake ba da lambobin yabo ga jiragen da aka farfaɗo, amma a titin tashi yake biyan kuɗin kwalliyar. Abin ban dariya shi ne, Cub na asali bai taɓa yin wannan ƙyalli ba. Jirgin koyo ne mai arha, ana ganin zaren yadinsa ta cikin fenti, don haka mai shafa kaɗan ya fi kusa da asali.

Sai dai akwai shafar da ba a yi mata rowa. Ƙarƙashin launin da ido ke gani akwai shafa mai ruwan azurfa, wadda aka gauraya da garin alminiyum, kuma aikinta shi ne tare kaifin hasken rana da ke cinye foliyesta. Masu gyara kan gwada ta ta hanyar kunna ƙwan lantarki a cikin fiffike: idan haske ya ratso waje, shafar ba ta isa ba. Wanda ya rage ta don ya tsira da kilo ɗaya ko biyu zai ga yadinsa ya mutu da wuri, kuma ƙa'ida ita ce yadin da ƙarfinsa ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 na abin da ake bukata tun farko bai cancanci tashi ba. Haka nan yadin yana da mai nauyi, da matsakaici, da marar nauyi. Marar nauyin na ƙananan jiragen wasa ne, ba a amince a rufe fiffiken jirgi mai takardar shaida irin Cub da shi ba. Kuma kowane kamfani yana da littafin da ya tsara adadin shafa da jerinta. Ba a haɗa gam ɗin wannan da fentin wancan.

Batu na gaba da ke raba kan masu Cub shi ne lantarki. J-3 na asali ba shi da batir, ba shi da sitata, ba shi da janareta. Injinsa na samun wutar filogi daga na'urorin magneto guda biyu da ke juyawa tare da shi, kuma da hannu ake murza farfela a tayar da shi. Wanda ya gaji da hakan yakan sauya inji zuwa wani kamar C-85 mai gurbin sitata, ya ƙara batir da janareta da wayoyi da maɓallai. Ƙarfi ya ƙaru zuwa doki 85, amma nauyi ya biyo baya, iyakar kilo 553 kuwa tana nan inda take sai in an sami izini na musamman. Masu tsattsauran ra'ayi na cewa a bar jirgin yadda Piper ya yi shi, a riƙe rediyon hannu mai batirin kansa. Suna da hujja, amma murza farfela da hannu ya raunata mutane, ya kuma sa jirage sun kuɓuce sun ruga ba matuƙi. Tsaka-tsakin da ya fi ma'ana a yau shi ne ƙaramar sitata ta zamani da batirin litiyam. Tsohon batirin dalma na irin waɗannan jirage ya kai kusan kilo 10, na litiyam kuwa bai kai kilo uku ba, da sharaɗin ya zama wanda hukuma ta amince a saka a wannan samfuri, domin batirin litiyam da aka yi wa cajin ganganci na iya kamawa da wuta.

Farfela ma haka. Ta katako, irin wadda kamfanin Sensenich ya daɗe yana yi, nauyinta kusan rabin ta ƙarfe ne, ga shi ita ce ta dace da kamannin jirgin na da. Ta ƙarfe ta fi jan iska da kyau, ta fi jure ruwa. Ta katako kuma tana kumbura da damina, tana tsukewa da rani, don haka dole a riƙa duba ɗaurin kusoshinta.

A nan ne lissafin ke ƙara zurfi, domin wurin da nauyi yake ya kai yawansa muhimmanci. Ɗan ga-ruwa mai ɗaukar garwa biyu a sanda ya san cewa idan ya matsar da kafaɗarsa kaɗan, garwa ɗaya za ta rinjayi ɗaya. Jirgi ma yana da wurin da nauyinsa ke daidaita, wato cibiyar nauyi, kuma a J-3 tazarar da aka yarda wannan cibiya ta yi yawo a ciki kimanin santimita 30 ce kawai. Shi ya sa matuƙin da ke shi kaɗai yake zama a kujerar baya: tankin mai da inji suna gaba, shi ne ke daidaita su. Tayar wutsiya tana nesa da cibiyar kusan ninki uku na nisan farfela. Ma'ana, kilo ɗaya da aka ƙara a wutsiya, ko ta babbar taya ko ta fenti mai kauri, sai an sa kusan kilo uku a hanci kafin a rama shi. Haka kuma wanda ya cire farfelar ƙarfe da batir mai nauyi daga gaba, ya bar wutsiya yadda take, ya tura cibiyar baya. Jirgin da cibiyarsa ta yi baya da yawa yakan ɗaga hanci da kansa, idan kuma ya faɗa cikin juyi yana wuyar fitarwa. Akan sami mai gyaran da ya sha wahala ya rage kilo biyar a gaba, daga ƙarshe ya koma yana ɗaura dalma a wurin don jirgin ya daidaita. Masu basira daga wutsiya suke fara ragewa.

Wasu jiragen ma ba sa yafe kuskuren fenti a kan sassan da ke motsi. Beechcraft Bonanza mai wutsiya kamar harafin V sananne ne a kan haka: idan an sake fentin faifan wutsiyarsa, wajibi ne a cire su a auna daidaitonsu, in ba haka ba suna iya kama karkarwa a cikin iska har su yage.

Akwai kuma wuraren da ba a neman sauƙi ko kaɗan, don kada garin neman gira a rasa ido. Ba a huda azarar fiffike, ba a maye bututu da wanda ya fi shi siranta, ba a sa kusoshin kasuwa a madadin na jirgi. Hasali ma gyara na gari yakan ƙara nauyi a wasu sassa. Ruwa kan taru a cikin bututun ƙasa na kusa da wutsiya ya ci shi da tsatsa daga ciki, dole a yanke a yi sabo. Sandunan da ke tokare fikafikan jiragen Piper na wannan zamani sun taɓa jawo haɗurra saboda tsatsar ciki da ido ba ya gani, har Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Amurka, FAA, ta wajabta a riƙa bincikensu lokaci-lokaci ko a sauya su da sababbi da aka toshe ruf. Bel mai ratsa kafaɗa, wanda jirgin bai zo da shi ba, shi ma ƙarin nauyi ne da babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi, tunda shi ke hana fuskar matuƙi haɗuwa da ƙarfe idan aka yi saukar gaggawa.

Doka ce ke tsare duk wannan. J-3 yana da takardar shaidar samfuri da ta lissafa injuna da farfeloli da tayoyin da aka yarda da su. Duk wani babban sauyi sai da ƙarin izini da ake kira STC ko amincewar hukuma kai tsaye, a cike fom mai lamba 337, bakanike mai lasisin bincike ya sa hannu. A Najeriya, Hukumar NCAA ce ke riƙe da irin wannan iko a kan jiragen da ke rajistar ƙasar. Wanda ke son 'yancin yin yadda ya ga dama sai ya koma rukunin jiragen gwaji, inda ake ganin abubuwan mamaki. Kamfanin CubCrafters na garin Yakima yana ƙera sabon Carbon Cub da sassan zaren kabon, a gasar gajeren tashi da sauka ta garin Valdez a Alaska kuwa an ga jirgin da aka tuɓe wa yadin bayan gangar jiki, ƙarfe tsirara, don a rage 'yan kilo. Waɗannan ba su ne ma'aunin mai farfaɗo da jirgin 1946 ba, wanda ke son ya ɗauki ɗansa ko ɗalibinsa cikin kwanciyar hankali.

Idan an kammala aiki, jirgin kan koma kan sikeli uku kamar yadda aka fara, a rubuta sabuwar takardar nauyi da jerin duk abin da ke cikinsa, sa'annan a yi tashin gwaji da matuƙi shi kaɗai. Daga wannan takarda ake lissafa kowace tafiya. Ma'ajiyar kaya da ke bayan kujerar baya kilo tara kawai aka yarda ta ɗauka. Injin A-65 kuma yana shan wajen lita 16 a awa, wato kusan kilo 12 na mai. Mai gyaran da ya rage kilo 12 daga fenti da tarkace ya sama wa jirgin man awa ɗaya a ranar da kujeru biyu ke cike, a jirgin da tankinsa gaba ɗaya bai kai na awa uku ba.